Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa injinan iska da babban layin wuta a arewacin Kamaru

Kuskuren da ke haifar da sauran shi ne a zaɓi fili saboda iskarsa kaɗai, sai an gama lissafin kuɗi sannan a tambayi inda layin wuta yake. Wanda ya hau duwatsun Mandara a watan Janairu, iskar hunturu tana fizgar rigarsa, yana iya ɗauka ya samu wuri, alhali layin da zai kwashe wutar yana nesa, kuma ƙila bai fi ƙarfin ƙauyukan da yake ciyarwa ba. Gyaran shi ne a fara da layin: a nemi bayanansa daga SONATREL, kamfanin da ke kula da manyan layuka, a san tashar da za a shiga da abin da za ta iya ɗauka, sannan a auna iska ta tsawon watanni 12 aƙalla, a daidai tsayin da fankar za ta zauna. Awo na wata uku yaudara ne, domin idan gudun iska ya ragu da rabi, wutar da injin ke bayarwa takan faɗi zuwa kashi ɗaya cikin takwas.

Na biyu ya fi ɓuya, kuma a ganina shi ya fi haɗari. Layin arewa, wanda ya haɗa Garwa da Marwa da Ngaundare, ya dogara ƙwarai da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, mai megawat 72, kuma idan ruwa ya ja baya da rani, ba a samun ko wannan. Irin wannan layi injiniyoyi ke kira mai rauni: ƙaramin sauyi a wutar da ke shiga ko fita yana girgiza boltej. Injinan iska na zamani ta inbata, na'urar da ke daidaita wutarsu da irin ta layi, suke mu'amala da layi, kuma yawancinsu bin boltej ɗin da suka tarar suke yi, ba su ne ke kafa shi ba. Idan aka ɗora tasha mai girma a wutsiyar dogon layi, sai ka ga kwan lantarki yana ƙifce-ƙifce a gidaje, na'urorin kariya suna yanke wuta ba gaira ba dalili. Ana gwada ƙarfin gajeren zango na wurin haɗi, wato yawan wutar da layi zai iya turowa idan wayoyi suka haɗe a wurin, da girman tashar, kuma idan bai kai ninki uku ba, ana ɗaukar wurin a matsayin mai rauni. Maganin ko dai a rage tashar, ko a gina ta kashi-kashi, ko a ƙara mata batura da na'urar riƙe boltej, kamar yadda aka haɗa batura da tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar.

Akwai kuma barin saitin kariya yadda ya zo daga masana'anta. Idan tsawa ta faɗa wa layi ko reshe ya taɓa waya, boltej yakan faɗi na ɗan abin da bai kai daƙiƙa ba, kuma abin da ake bukata shi ne injin ya jure, ya ci gaba da aiki har a ware wurin da ya lalace. A ranar 28 ga Satumba 2016 guguwa ta karya manyan turakun wuta a Kudancin Ostareliya, boltej ya faɗi sau shida cikin kusan minti biyu, tashoshin iska tara suka janye megawat 456 galibinsu saboda wani saiti da ke ƙidaya yawan faɗuwar, jihar baki ɗaya ta shiga duhu. Hukumar da ke tafiyar da layin ba ta ma san da wannan saiti ba. A yankin da damina ke zuwa da tsawa a jere, wajibi ne a karɓi jadawalin saitin a rubuce, a gwada shi a kwamfuta da samfurin layin arewa kafin a kunna komai. Haka nan a tabbatar injin yana rage wuta da kansa idan bugun layin, wato yawan juyawar wuta a daƙiƙa ɗaya, ya haura haz 50 da aka tsayar.

Zafi da ƙura kuwa, mai sayarwa ba zai ambace su ba sai an tambaye shi. Injinan da aka ƙera don yanayin Turai yawanci sukan fara rage aiki idan zafi ya wuce digiri 40, abin da Marwa ke gani a watan Afrilu, daidai lokacin da Lagdo ke ƙasa kuma kowa ke neman wuta. Iska mai zafi ba ta da nauyi, don haka wutar da take bayarwa ta fi ƙanƙanta. Ƙurar da ke tasowa daga Bodele a Chadi tana toshe matatar sanyaya inbata, tana kwanta a kan kwanonin da ke raba waya da turken wuta, sai raɓa ko yayyafin farko ya jiƙa ta wuta ta tsallaka. A sayi samfurin ƙasashen zafi, a rubuta wankin kwanoni cikin jadawalin aiki kafin saukar ruwan farko.

Takardu su ma ana makara da su. Izinin ARSEL, hukumar da ke sa ido kan harkar wutar lantarki a Kamaru, yarjejeniyar haɗi, da hanyar sadarwa da za ta ba ɗakin kula da layi damar ganin tashar da rage mata wuta daga nesa, duk a fara su tun kafin a ba da odar tiransifoma, domin girmanta da boltej ɗinta daga cikin wannan yarjejeniya ake ɗauko su.