Yadda Ake Hana Fail2ban Toshe Adireshin da Aka Amince da Shi

Manhajar Fail2ban tana karanta bayanan shiga da sabar (kwamfutar da ake shiga ta intanet daga nesa) ke adanawa, kuma idan wani adireshin IP, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet, ya kuskure kalmar sirri sau 5 cikin minti 10, sai ta umarci katangar tsaro ta toshe shi na minti 10, muddin ba a sauya saitin asali ba. Ba ta bambanta ɓarawo da mai gida, shi ya sa ake keɓe adiresoshin masu kula da sabar don kada a toshe su.

Kada a taɓa fayil ɗin /etc/fail2ban/jail.conf, domin sabunta manhajar na iya shafe gyaran. A buɗe fayil ɗin jail.local a cikin /etc/fail2ban ɗin, a rubuta jerin adiresoshin da ba za a toshe ba, wato ignoreip:

[DEFAULT]
ignoreip = 127.0.0.1/8 ::1 203.0.113.10

Biyun farko na sabar ce kanta, na ukun kuwa misali ne da za a musanya da adireshin ofis. Ana raba su da tazara, kuma ana iya sanya rukuni guda kamar 192.168.1.0/24. Idan an sake rubuta ignoreip a sashen sshd, wato sashen da ke kula da SSH, hanyar shiga sabar daga nesa, to shi zai maye gurbin na sama gaba ɗaya, ba ƙari zai yi a kansa ba, kuma a nan mutane da yawa ke tuntuɓe.

Bayan adanawa, a ba da umarnin fail2ban-client reload, sannan a duba da fail2ban-client get sshd ignoreip. Adireshin da aka riga aka toshe kuma, a sake shi da fail2ban-client set sshd unbanip tare da lambarsa.

Abin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne zaɓen adireshin. Wanda ke shiga intanet da datar waya bai kamata ya keɓe nasa ba, domin kamfanonin sadarwa kan haɗa masu layi da yawa a kan adireshi ɗaya, kuma yana sauyawa ba tare da sanarwa ba, ta yadda wanda aka amince da shi yau zai iya zama na baƙo gobe. Keɓewar ba ta buɗe wa kowa ƙofa, amma tana bai wa mai wannan adireshin damar gwada kalmomin sirri ba iyaka. Mafi dacewa shi ne a kafa VPN, wato keɓantacciyar hanyar sadarwa mai tsaro, irin WireGuard mai adireshi tsayayye, a keɓe shi kaɗai, sannan a rufe shiga da kalmar sirri a koma amfani da makullin SSH.