Ga sababbin zuwa Maraɗi: ku san kakan gidan da kuka sauka

Idan ka tsallako ta Jibiya ka wuce Ɗan Isa, kada ka ɗauka tunda harshe ɗaya ne ka riga ka zama ɗan gari. Samun ɗakin haya ba ya wuya. Abin da ke cin lokaci shi ne gane gidan da ka shiga, domin a tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo gida yakan tafi ne a kan tsarin kaka, ko da ƙasa ta daɗe da rufe idonsa.

Za ka riƙa jin "haka marigayi yake yi", kuma doka ce, ba hira ba. Akwai gurbi a zaure da ba mai zama sai babban ɗa. Akwai kwanon almajirai da ake fitarwa kafin kowa ya sa hannu a tuwo. Mai gidan da muke haya har yau a buzun kakansa yake nafila, gashin wajen goshi duk ya zube, kuma ba a sa sukari a furar gidan saboda tsohon bai sha haka ba. Da an idar da lisha ake jan ƙofa. In aikinka na kai ka dare, faɗa masa tun ranar farko: "Baba, a yi mini uzuri."

Su ma za su tambaye ka naka. Yawancin tsofaffin gidajen nan daga Katsina suke ƙirga asalinsu, shi ya sa sarautar garin take Sarkin Katsinan Maraɗi. "Kai jikan wa ne?" tambaya ce ta gaske, kuma wanda ya tsaya inda-inda ya rage wa kansa daraja. Kafin ka taso, ka zauna da gwaggonka ta faɗa maka sunan kakanka, garinsa da sana'arsa. Wataƙila ma ya taɓa fataucin gyaɗa ta nan.

In an zauna shayi, tambayi yadda kakansu ya ji da ambaliyar Gulbi ta 1945, wadda ta ci tsohon gari har aka hau tudu. Kusan kowane gida da nasa labarin. Gardamar tarihin jihadi kuwa, bar ta a kan iyaka.

Inda tsohon yake raye, za ka ga jikoki suna cire masa hula, yana kiran 'yar jikarsa amaryarsa. Wasansu ne, ban da kai. Kai dai ka durƙusa ka gaishe shi da safe, ranar Juma'a ka haɗa da goro.