Daga dandamali zuwa gaban kamara: yadda ɗan wasa ke sauya salo, bisa aikin Ian McKellen

Ɗan wasan da ya ƙware a dandamali, ranar da aka fara tsayar da shi gaban kamara, kuskurensa kusan guda ne: yana yi wa mutumin kujerar ƙarshe wasa, alhali babu ita. Ian McKellen, wanda aka haifa a Burnley ta Ingila a 1939, ya fara sana'ar a Coventry a 1961, kuma sai da ya kwashe shekara 40 kafin duniya ta san shi da rawar Gandalf, tsohon matsafin fim ɗin The Lord of the Rings, a 2001. Ayyukansa sun nuna abin da ake ragewa da abin da ake riƙewa.

Fara da murya. Babban zauren National Theatre a Landan yana cin mutum fiye da 1,000, don haka ake koya wa ɗan wasa jan numfashi daga ciki da cika kowane harafi har ƙarshen kalma. A wurin ɗaukar fim kuwa makirufo yana rataye saman kanka ko maƙale a ƙirjinka. Ka auna muryarka da tazarar wanda kake wa magana: in hannunka zai iya taɓa shi, yi magana kamar yadda za ka yi wa na kusa da kai a tabarma. Sai dai ƙarar kawai za ka rage, ban da numfashin. Da yawa sukan rage duka biyun, su haɗiye ƙarshen kalmomi, daga baya a kira su situdiyo su sake maganar suna bin motsin leɓensu. Kada ka ajiye kofi ko ka shafa rigarka yayin da kake furta kalma, makirufo zai kwashe ƙarar.

Kafin a ce a fara, tambayi mai kamara inda hoton ya yanke ka: dukkan jiki ne, daga ƙugu ne, ko fuska kaɗai. In fuska ce, ɗaga gira da bai kai komai ba a dandamali zai cika allon sinima. Tsayar da kai, domin matsawar taƙi guda gaba tana iya sa hoton ya yi dishi-dishi. Zaɓi idon abokin wasanka ɗaya, wanda ya fi kusa da kamara, ka zauna a kansa. In kana tsalle daga wannan ido zuwa wancan, za ka fito kamar mara gaskiya. Kuma ka saurara da gaske, don mai tace fim yakan zaɓi fuskar mai sauraro a kan ta mai magana.

Macbeth, wasan Shakespeare da McKellen da 'yar wasa Judi Dench suka yi a 1976 a ƙarƙashin darakta Trevor Nunn ya cancanci nazari. An yi shi a The Other Place da ke Stratford, ɗan ƙaramin ɗaki, cikin da'ira, 'yan kallo na dab da su. Da aka ɗauke shi don talabijin aka nuna a 1979, wasan ya zauna daram, domin tun asali da raɗa da ido aka gina shi. Saboda haka yi rihazal a ƙaramin ɗaki, mai kallo ɗaya zaune taku biyu daga gare ka.

Maganar zuci ita ce mai wuya. A dandamali ɗan wasa yakan juyo ya faɗa wa jama'a abin da ke ransa. A fim ɗin Richard III na 1995, wanda McKellen ya sa hannu a rubutunsa bayan ya yi wasan a dandamali tun 1990, an raba jawabin farko biyu: ya fara shi a makirufo gaban taron biki, ya ƙarasa shi a banɗaki, inda ya juyo ya dubi kamara kamar aminin sirri. Kafin ka furta layi, ka san mutum nawa kake wa magana. Kallon cikin kamara kuwa, sai in darakta ne ya nema.

Sai tsarin aiki. A dandamali ana rihazal mako huɗu zuwa shida, a yi wasa sau takwas a mako, labari na tafiya daga farko har ƙarshe. Fim ana ɗaukarsa ne bisa lokeshan, har kana iya mutuwa ranar Litinin ka yi aure ranar Alhamis. A gefen kowace fitowa rubuta abu uku: daga ina mutumin ya fito, me ya sani a wannan lokaci, me yake so. Rubuta kuma hannun da ka riƙe kofi da kalmar da kake furtawa lokacin da ka zauna. In ka zauna kana furta kalma dabam a ɗauka ta biyu, hotunan ba za su haɗu ba, kuma kyakkyawan wasanka ne za a zubar.

Za a liƙa maka alama a ƙasa inda za ka tsaya. Kada ka sunkuya neman ta. Tsaya a kanta, ka ja da baya kana ƙirga taku, sannan ka taho da wannan adadin. Wani lokaci ma abokin wasan alama ce: don Gandalf ya fi sauran tsawo, a fim ɗin The Hobbit an ɗauki McKellen shi kaɗai a gaban koren kyallen da ake maye gurbinsa da wani hoto daga baya, yana magana da hotunan 'yan wasa, kuma bai ɓoye cewa abin ya ƙuntata masa ba. In ka samu kanka a haka, nemi wani ya riƙa karanta maka layukan ɗaya ɓangaren da cikakkiyar murya.

Yawanci hoton nesa ake fara ɗauka, na fuska kuma sai bayan awanni an gyara fitilu. Kada ka ƙarar da hawayenka a na farko.

Don gwaji, ɗauki jawabi na minti biyu, ka kafa waya daidai tsayin idonka. Yi shi kana nesa da taku goma, sannan uku, sannan fuska kaɗai. Kalli na ukun ba sauti: duk motsin da ka ga kamar an yi shi don a gani, cire shi ka sake ɗauka.