Ga wanda ya sauka New York: yadda za ka gane Yahudawan gari

Yawancin mutanenmu Bronx suke sauka ko Harlem, amma neman abinci sai ya kai ka Brooklyn, ko tasi kake ja, ko kai kaya, ko tsaron shago. A can kullum sai ka yi hulɗa da Yahudawa, don kusan miliyan ɗaya ne a birnin. Kada ka ɗauka bakinsu ɗaya, ɗan'uwa.

Waɗanda ido ke fara kamawa su ne Hasidim: doguwar baƙar kwat, baƙar hula, gashi a murɗe ta gefen kunne. Matan aurensu suna rufe kai da ɗankwali ko gashin kanti, yawancinsu kuma Yidish suke yi a gida. Namiji ba ya miƙa wa mace hannu, wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Daga faɗuwar ranar Juma'a har duhun Asabar ba tuƙi, ba waya, ba taɓa makunnin wuta. A wasu unguwanni za ka ji jiniya kafin magariba, kada gabanka ya faɗi, sanarwar shigar Asabar ce. Idan maƙwabci ya tare ka a ƙofa yana ta cewa ɗakinsa ya yi duhu, so yake ka shiga ka kunna masa fitila, ƙa'idarsu ce ta hana shi faɗa ƙarara.

Wajen siyasa ne baƙo ke yawan shan mamaki, don Hasidim ɗin ma ɗariƙa-ɗariƙa ne. 'Yan Satmar na Williamsburg, mabiyan marigayi Joel Teitelbaum, ba su yarda da kafa ƙasar Isra'ila ba sam, a ganinsu haramun ne kafin zuwan Almasihun da suke jira. 'Yan Chabad na Crown Heights kuwa, masu hedikwata a lamba 770 kan titin Eastern Parkway, ba sa son a saki ko taku ɗaya na ƙasar. Kai kuma a ido duk masu baƙar hula ne.

Su ma ɗin tsiraru ne. Binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna Otodoks, wato masu tsananin riƙo da dokokin addinin, har da Hasidim, kashi 9 ne kacal cikin ɗari na Yahudawan Amurka, kuma uku cikin huɗunsu Republican suke karkata. 'Yan Reform, masu naɗa mata limanci, kashi 37 ne, wajen kashi 32 kuma ba sa bin kowane ɓangare. A jimlace bakwai cikin goma 'yan Democrat ne. Likitarka ko lauyan takardunka na iya zama Bayahuden da rabonsa da wurin ibada tun yana yaro. Cikinsu akwai mai ba AIPAC kuɗi, ƙungiyar da ke nema wa Isra'ila goyon baya a siyasar Amurka, akwai ɗan ƙungiyar J Street mai neman ƙasashe biyu, Isra'ila da Falasɗinu, akwai matasan Jewish Voice for Peace da ake kamawa a zanga-zangar Gaza. Ni dai a mota ba na fara ɗauko wa fasinja zancen Falasɗinu, in shi ya ɗauko sai in saurara tukuna.

Tambarin OU a jikin kayan abinci yana nufin kosha ne, wato halal ɗinsu, ba alade ciki, amma giya halal ce a wurinsu, sai ka karanta jikin kwalin. Batun naman yankansu ka tambayi limaminku. Idan kuma a wajen mai kiyaye Asabar kake aiki, karɓi kuɗinka kafin azahar ɗin Juma'a, ka yi ɗan tanadi saboda Satumba da Oktoba, lokacin da bukukuwansu ke bin juna shaguna su yi kwanaki a rufe.