Yadda za a koyar da tarihin zargin maita na Turai a ajin Maraɗi

Malamin tarihin da zai tsaya gaban ɗalibai a Maraɗi ya yi musu bayanin zargin maita a Turai ta zamanin da littattafan lakwal ke kira Moyen Âge, wato daga wajen shekarar 500 zuwa 1500, ya kamata ya sani cewa zancen da ya kawo ba baƙo ba ne a kunnensu. Kusan kowane yaron da ke zaune a gabansa, daga Bagalam yake ko daga Zariya ko daga wani ƙauye na bakin Gulbi, ya taɓa jin an nuna wata tsohuwa an ce ta kama kurwar jinjiri. A shekarar da na fara koyar da wannan darasi na yi kuskuren da har yanzu yake damuna: na rubuta kalmar sorcière a allo, na fassara ta da mayya, na shiga ba da labarin yadda ake ƙona mata. Sai na ga kawuna suna juyawa wajen wata yarinya da ke zaune a bencin baya, ta sunkuyar da kai, ta rufe littafinta. Daga baya na ji cewa a unguwarsu an taɓa tilasta wa kakarta ta tsallaka wani yaro marar lafiya a gaban jama'a don ta saki kurwarsa. Yarinyar ta yi kwana uku ba ta zo aji ba, kuma laifin nawa ne, domin na shiga darasin ban shirya masa ƙofa ba.

Saboda haka, malam, ka fara da kalmomi kafin shekaru. Ka raba allo gida uku. A gida na farko ka sa sammu da sihiri, abin da Latin ke kira maleficium, wato cutar da mutum ko dabba ko gona ta hanyar wani aiki da aka yi da hannu, kamar binne laya ko zuba wani abu a abinci. A gida na biyu ka sa maita yadda muka san ta, mutumin da ake cewa yana cin ɗan'uwansa da ransa tun daga ciki, wadda mutanen Turai na wancan lokaci suke kira striga. Gida na uku kuwa ka gaya musu cewa Hausa ba ta da suna guda da za ta ba shi, domin tunani ne da malamai da alƙalan Turai suka harhaɗa a ƙarni na 15, cewa akwai wata ƙungiyar asiri ta mutanen da suka ƙulla alkawari da Shaiɗan, suna tashi sama da dare zuwa taro. Duk ɗalibin da ya riƙe bambancin gidajen nan uku ya riƙe rabin darasin.

Daga nan ka ja dogon layi da alli, ka gyara musu kuskuren da ya fi yaɗuwa. Mafi yawan kashe-kashen da ake jingina wa wannan zamani sun faru ne bayansa. Masana tarihi suna ƙiyasta cewa an kashe mutum 40,000 zuwa 60,000 bisa hukuncin kotu tsakanin 1450 da 1750, wajen kashi uku cikin huɗu mata ne, kuma abin ya fi tsanani tsakanin 1560 da 1630. Abin da darasinka zai amsa shi ne yadda aka yi hanya ta kai can.

Wurin da nake so ka daɗe shi ne dokokin farko, domin su ne ke ba yaranmu mamaki. A shekarar 643 sarkin Lambardawa na Italiya, Rothari, ya kafa dokar da ta hana kashe baiwar wani bisa zargin cewa striga ce, kuma dokar ta faɗi dalilinta, cewa bai kamata zuciyar Kirista ta yarda mace tana iya cin mutum mai rai daga cikinsa ba. Ka karanta musu wannan a hankali, ka bar su su gane da kansu cewa siffar da aka bayar ita ce ta maitar da suke ji a gida. A cikin shekarun 780 Sharlaman, sarkin Farankawa, ya sa wa ƙasar Sakson (cikin Jamus ta yau) doka mai tsauri fiye da wannan, cewa wanda Shaiɗan ya ruɗa har ya yarda wani namiji ko wata mace na cin mutane, ya ƙone shi saboda haka, hukuncinsa kisa ne. Wajen 815 Agobard, babban limamin cocin Liyon, ya rubuta cewa ya ga an kawo maza uku da mace guda a ɗaure za a jefe su, wai sun faɗo daga jiragen da ke tafiya cikin gajimare suna kwashe amfanin gonar da ƙanƙara ta kakkaɓe, kuma sai da ya yi doguwar muhawara da taron kafin a sake su. Ɗan manomin da ya ga gero ya bushe a tsaye, ya kuma ji ana raɗe-raɗin wanda ya ɗaure ruwa, ba ya bukatar dogon sharhi a nan. A 1080 Paparoma Giregori na 7 ya rubuta wa sarki Harald na Danmak cewa a daina ɗora wa mata alhakin guguwa da annoba, sannan wajen 1100 dokar sarki Koloman na Hangari ta ce kada a yi binciken striga tunda babu su.

Ka yi adalci a nan, ka gaya musu cewa waɗannan sarakuna da limamai sun yarda akwai sihiri kuma suna hukunta mai yin sa, sannan ka nuna musu cewa ba a kafa dokar hana abin da ba ya faruwa, don haka dokokin kansu shaida ne cewa jama'ar gari na kashe waɗanda suke zargi.

Tambayar da za ta biyo baya ita ce abin da ya canja, kuma a ganina amsar da ta fi ƙarfi tana cikin tsarin shari'a. A tsohon tsari sai mutum ya fito da sunansa ya yi ƙara, idan kuwa ya kasa tabbatar da ita hukuncin da ya nema wa wani yana iya komawa kansa, wannan ya sa kowa ke taka tsantsan da zargin da ba a iya kawo masa shaida. A ƙarni na 13 aka koma tsarin da alƙali da kansa zai buɗe bincike bisa jita-jitar gari. A 1252 Paparoma Inosan na 4 ya halatta azabtarwa wajen binciken masu bidi'ar addini, ko da yake a 1258 Alezanda na 4 ya ce masu binciken kada su shiga batun sihiri sai in bidi'a ta bayyana a cikinsa. Wannan katanga ta fara rushewa a zamanin Paparoma Yohana na 22, lokacin da a 1317 aka ƙone limamin cocin Cahors na Faransa, Hugues Géraud, bisa zargin neman kashe Paparoman da guba da mutum-mutumin kakin zuma, kuma wajen 1326 Paparoman ya fitar da takardar da ta matso da sihiri kusa da bidi'a. Ka sa ɗalibai su lura cewa zarge-zargen farkon ƙarni na 14 sun fi yawa a fada, tsakanin masu neman sarauta da dukiya.

Bayan wannan ka ɗauki shari'a guda ka shimfiɗa ta sosai, kuma wadda na ga ta fi kama hankalin ajinmu ita ce ta Alice Kyteler a garin Kilkenny na ƙasar Ailan, a 1324. Mace ce mai dukiya da ta yi aure sau huɗu. Da mijinta na huɗu ya kwanta ciwo yana ramewa, ƴaƴan mazajenta suka kai ƙara wurin limamin cocin yankin, Richard de Ledrede, cewa ta yi wa iyayensu asiri don su bar wa ɗanta William dukiyarsu. Alice tana da dangi masu ƙarfi a hukuma, ta gudu ba a sake kama ta ba. An ɗora wa ɗanta kaffara, ciki har da ciyar da matalauta da rufe wani sashe na rufin coci da darma. Mai aikinta Petronilla ta Meath kuwa, wadda ba ta da kowa, an yi mata bulala har sau shida sai da ta amsa duk abin da ake so ta amsa, aka ƙone ta a ranar 3 ga Nuwamba. Ka tsaya nan ka tambaye su: wa ya kawo zargin, me ke tsakaninsa da wadda ya zarga, wace masifa ce ta faru kafin zargin, ta wace hanya aka samu amsa laifin, kuma a kan wa hukuncin ya sauka? Yaran da suka san rigimar gado tsakanin ƴaƴan miji da matar uba za su amsa maka tun kafin ka rufe baki.

Ƙarni na 15 kana iya wuce shi da ɗan sauri, tunda sun riga sun san abin da za su nema. A 1428 aka fara manyan shari'o'i a yankin Valais na Suwizalan ta yau, inda gida na uku na allonka ya fara bayyana a rubuce. A garin Arras na Faransa ta yau, a 1459 da 1460, duk wanda aka azabtar sai ya ambaci sunayen wasu, har zargin ya hau kan attajiran gari, kuma sai a 1491 babbar kotun Paris ta wanke waɗanda aka hukunta, bayan an riga an ƙone wasunsu. A 1484 wani mai binciken bidi'a na coci, Heinrich Kramer, ya samo takardar goyon baya daga Paparoma Inosan na 8, amma da ya buɗe shari'a a garin Innsbruck na Austiriya a 1485 ya dinga yi wa wata mata, Helena Scheuberin, tambayoyin da suka keta mutuncinta, shari'ar ta rushe, limamin cocin yankin Georg Golser ya umarce shi da ya bar yankin. Kramer ɗin nan ne ya koma ya rubuta Malleus Maleficarum, wato gudumar mayu mata, wanda aka buga wajen 1486, kuma injin ɗab'i da bai daɗe da fitowa ba ya yaɗa shi a hannun alƙalai.

Tun kafin ka fara darasin ka kafa wa aji ƙa'ida cewa ba a ambaton sunan kowa, ko gida, ko unguwa, ko ƙauye, kuma kai ma ka kiyaye idonka kada ya tsaya a kan ɗalibi guda. Dole wani zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, to akwai maita ko babu?" Ka amsa masa da natsuwa cewa Alƙur'ani ya ambaci sihiri a Suratul Baƙara da Suratul Falaƙ, cewa hukuncin wannan na malaman addini ne, kuma abin da tarihi ke iya aunawa shi ne zargin da hujjar da aka kawo masa. Ka tuna musu hadisin da yawancinsu suka haddace a Arba'una, cewa hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musanta, sannan ka sa su gwada shi da shari'ar Petronilla. Wani kuma zai kawo zancen Jan Dark, budurwar Faransa da ta jagoranci sojoji a yaƙi da Ingila, sai ka bayyana cewa ko da yake an jefa mata zargin sihiri a lokacin bincike, hukuncin da aka ƙone ta a kansa a birnin Rouen ranar 30 ga Mayu 1431 na komawa ga bidi'a ne, kuma an soke shi a 1456.

Aikin gida kada ya zama na tambayar tsofaffin unguwa labarin mayu, domin da sunayen mutane masu rai za su dawo maka. Ka ba su dokar Rothari da labarin Kilkenny a takarda guda, kowa ya rubuta shafi ɗaya a kan yadda shari'ar Petronilla za ta kasance da a ce tsohon tsarin ƙara ne ke aiki a 1324, sannan ka karɓi takardun ka duba su kai kaɗai, ba tare da an karanta su a gaban aji ba.