Yadda ake shirya hoto da yayyafin ɗigo don bugawa a kan rasit

Ƴar na'urar buga rasit da masu shaguna ke amfani da ita a Yamai, daga kasuwar Katako har ta Wadata, ba ta san launin toka ba. Ko dai zafinta ya bar baƙin ɗigo a kan takarda, ko ya bar wurin fari fat. Shi ya sa tambarin shago mai inuwa yakan fito kamar an ɓarar da tawada. Maganin abin shi ne yayyafin ɗigo, wanda ake kira tramage da Faransanci: ɗigo ya yi yawa inda hoto ke da duhu, ya yi ƙaranci inda yake da haske, ido kuma ya gauraya su ya ga toka.

A fara da daidaita girman hoto, domin nan ne aka fi yin kuskure. Yawancin na'urori masu takarda mai faɗin milimita 58 suna buga ɗigo 384 a kowane layi, masu milimita 80 kuma 576. A buɗe hoton a manhajar GIMP, wadda kyauta ce, a mayar da faɗinsa daidai wannan adadi, a cire launuka, sannan a ɗan ƙara masa haske, tunda baƙin takardar rasit yakan bazu.

Daga nan a shiga Image, Mode, Couleurs indexées, a zaɓi baƙi da fari kawai, a kuma zaɓi Floyd-Steinberg. Robert Floyd da Louis Steinberg ne suka wallafa wannan dabara a 1976. Duk ɗigon da aka tilasta wa zama baƙi ko fari, bambancin da ya rage tsakanin ainihin tokarsa da launin da aka ba shi ba a zubar da shi, rarraba shi ake yi ga maƙwabta: kashi 7 cikin 16 ga na dama, 5 ga na ƙasa, 3 ga na ƙasa ta hagu, 1 ga na ƙasa ta dama. A ganina ita ta fi dacewa da fuskar mutum ko hoton kaya, saboda wani tsarin yayyafin na daban, na Bryce Bayer na 1973, yakan bar zane mai kama da saƙar tabarma. Rubutu da lambar waya kuwa kada a yi musu yayyafi, a bar su baƙi ƙirin.

A adana aikin a PNG ko BMP, ban da JPEG, wanda ke dagula ɗigon, kuma kada a sake taɓa girman hoton. Idan ta WhatsApp za a aika wa mai shago, a tura shi a matsayin fayil, domin hoton da aka tura kai tsaye matse shi ake yi.