Laftof ɗinka bai tsufa ba: yadda za ka fara aiki da Linux Mint

Yawancin laftof ɗin da ɗaliban Kaduna Poly da na KASU suke kawo mini gyara a Tudun Wada na hannu ne, HP EliteBook ko Dell Latitude, masu ƙwari amma masu shekaru. Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya rufe tallafin da ya saba bai wa Windows 10, shi kuma Windows 11 yana neman TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro a cikin na'ura) da injin Intel na zubi na takwas zuwa sama. Sai ka ga an ce wa yaro na'urarsa ta gama yayi, alhali lafiyarta ƙalau. Abin yana damuna, domin na san yadda iyaye suke haɗa kuɗin nan.

Akwai mafita, sunanta Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi. Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara rubuta ƙashin bayansa a 1991, ya bar shi a buɗe, kowa na iya dubawa, ya gyara, ya raba wa wasu. Wayar Android da ke aljihunka ma a kansa aka gina ta. Kyauta ne kuma halal, ba irin Windows ɗin da ake fasa wa makulli a bayan shago ba.

Linux iri-iri ne, kuma nan ne sabon shiga yake rikicewa. Kada ka wahalar da kanka, ɗauki Linux Mint. An gina shi a kan Ubuntu, fuskarsa kuma ta yi kama da ta Windows: maɓallin farawa a ƙasa ta hagu, agogo ta dama. Mint 22 ya fito a 2024, za a ci gaba da kula da shi har 2029. In RAM ɗinka ya kai 4GB zuwa sama, ɗauki samfurin Cinnamon. In bai kai ba, Xfce ya fi sauƙin nauyi.

Kafin komai, kwashe kayanka. Hotunan biki, furojet, satifiket ɗin da ka sikana, duk ka juye su a wani filash ko hadis (hard disk) na waje, sannan ka buɗe su a wata kwamfutar ka tabbatar sun kwafu. Wanda bai yi wannan ba, ba na taɓa na'urarsa.

Sai ka sauko da fayil ɗin ISO, wato fayil ɗin da ake saka Mint da shi, daga shafin Linux Mint na ainihi. Ya kusa 3GB, don haka ka jira datar dare, ko ka karɓa wurin wanda ya riga ya sauke, tunda raba shi ba laifi ba ne. Nemi filash mai 8GB wanda babu komai a ciki, domin za a goge shi tas. Da manhajar Rufus ko balenaEtcher za ka ɗora ISO ɗin a kansa. Kwafa shi kawai kamar waƙa ba ya yi.

Yanzu ga matakin da na fi so mutane su daɗe a kai. Kashe kwamfutar, soka filash, kunna, ka riƙa danna F9 in HP ce, F12 in Dell ce ko Lenovo. Zaɓi filash ɗin daga jerin da zai fito. Mint zai buɗe gaba ɗayansa ba tare da ya taɓa Windows ɗinka ba. Kamar gwada takalmi ne a Kasuwar Barci, sai ka taka ka ji ko ya yi maka kafin ka zaro kuɗi. Haɗa Wi-Fi. Kunna bidiyo ka ji ko sauti na fita. Gwada kyamara, gwada hasken allo, in kana da firinta jona ta ka buga shafi ɗaya. Zai ɗan yi nawa saboda daga filash yake gudu, kada wannan ya tsorata ka. In Wi-Fi ya ƙi bayyana, galibi katin Broadcom ne. Jona wayarka da kebul ka ba kwamfutar intanet daga can, bayan ka gama sakawa kuma ka buɗe Driver Manager ya nemo maka direban da ya dace. Ka yi kwana biyu ko uku kana wannan gwaji in ka ga dama, ba wanda yake korarka.

In hankalinka ya kwanta, sai sakawa. Caja batir ya cika tukuna, ka san halin wutarmu, kuma yankewa a tsakiyar aiki na iya barin ka ba Windows ba Linux. In kana son ajiye Windows a gefe, koma cikinsa ka kashe Fast Startup, in akwai BitLocker, makullin da Windows ke sa wa bayananka, shi ma ka kashe. Daga nan danna "Install Linux Mint". Za a tambaye ka harshe da allon rubutu, sai a zo kan babbar tambaya. "Install alongside" na nufin su zauna tare, duk lokacin da ka kunna ka zaɓi wanda kake so. "Erase disk" na nufin a share komai da komai. Karanta sau biyu kafin ka danna. Sabon shiga, ni dai shawarata ya bar su tare.

Bayan ta sake tashi, buɗe Update Manager ka sabunta, sannan ka saita Timeshift, wanda yake adana hoton tsarin domin ka iya komawa baya in wani abu ya lalace. Wani abu kuma da yake faranta mini rai: a saitin allon rubutu akwai tsarin Hausa na Najeriya. Ƙara shi, ka samu ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba tare da kwafo su daga intanet ba.

Firefox da LibreOffice suna zuwa a ciki. Writer ne madadin Word, Calc madadin Excel. In za ka kai aiki wurin malami ko shagon buga takardu, ajiye shi a docx, ko ma PDF don kada tsarin shafin ya wargaje. Sauran manhajoji kamar VLC suna cikin Software Manager, dannawa ɗaya ce. Baƙin allon nan da ake kira tamina ba dole ba ne a farko. Ranar da ka so gwadawa, rubuta sudo apt install vlc. Zai nemi kalmar sirrinka, kuma ba za ka ga komai yana fitowa ba yayin da kake bugawa. Haka aka yi shi, ci gaba ka danna Enter.

Ƴan'uwana masu zanen katin biki da fosta, ku kam sai kun yi hattara. CorelDRAW da Photoshop ba su da samfurin Linux. Akwai Inkscape da GIMP, suna aiki sosai, amma hannu sai ya saba, kuma kwastoma ba ya jira. Wanda abincinsa ke kan Corel ya riƙe Windows a gefe don aikin shago, ya mayar da shiga intanet da harkar banki ɓangaren Mint.